Tambayar da Umma Ba Ta Yi Ba

Asabar, 13 ga Janairu, 11:20 na safe

Mun iso. Awa biyu daga Deira, unguwarmu a Dubai, rabin hanyar a cikin baƙaƙen duwatsu da ko ciyawa babu, muna shan wata kwana sai ga teku. Yaya Salmanu ya ce in tsaya ya gani, na ce ba a tsayawa a nan, ya ce, "Ke da motarki, Najiba?"

Shekara shida yana zuwa Dubai saro kaya, amma bai san ko'ina ba sai shagunan Al Sabkha da ɗakin otal ɗinsa na Al Buteen. Ni na matsa masa. Na ce wannan karon ba zai koma Kano ba sai ya ga wani abu da ba dilar shadda ba. Na ɗauki hutun kwana biyu a kantin maganin da nake aiki, na ja shi.

Garin ɗan ƙarami ne. Titi ɗaya, farin masallaci, rumfar kifi, tsofaffi suna ɗinkin taru a inuwa. Yaya ya duba gabas ya duba yamma ya ce, "Ai wannan Wudil ce aka yi wa fenti." Ya sha shayin karak kofi uku. Yanzu haka yana can yana taya kifin da ba shi da inda zai dafa, da Larabcinsa na kasuwa, mai kifin sai dariya yake. Na daɗe ban gan shi haka ba. Iska na da ƙarfi, ta ɗauke masa hula sau biyu.

Lahadi, 14 ga Janairu, 6:10 na safe

Ban koma Dubai ba. Na kama ɗaki a wani ƙaramin masauki mai kallon ruwa. Hularsa da agogonsa da takalmansa suna kan tebur.

Lahadi, 4:30 na yamma

'Yan sanda sun yi mini tambayoyi a ofishinsu, sun ba ni ruwa, sun ba ni kujera. Mutanen kirki ne, ba ni da abin cewa. Jami'in ya tambaye ni ko ya iya iyo. Na ce ya iya, a Challawa ya koya tun yana yaro. Ya ce mene ne Challawa. Na ce kogi ne. Ya ajiye biro ya dube ni, sannan ya ci gaba da rubutu.

Ruwa ya tafi da Yaya jiya bayan la'asar. Ba su gan shi ba. Na rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba.

Litinin, 15 ga Janairu, 9:00 na safe

Na kira Kawu Ɗalhatu, ƙanen Umma. Tun rasuwar Baba shi ne babba. Ya yi salati har na ɗauka layin ne ya maƙale, sannan ya ce, "Kada ki kuskura ki gaya mata."

Na ce, "Kawu, ɗanta ne."

Ya ce, "Me za mu ce mata? Ya rasu? Kin ga gawa da idonki? Mace mai hawan jini za ki buga wa waya ki ce mata ruwa? Irin wannan magana ba a yin ta a waya. Manya ke zuwa, a zauna, a yi nasiha tukuna. Ki bari a gan shi, ni zan je da kaina."

Zai gaya wa Ummulkhair, matar Yaya, ya kuma gargaɗe ta. Na ce to. Bakina ya saba da to.

Talata, 16 ga Janairu, 1:15 na rana

Umma ta kira. Kullum da hantsin Kano take kira, idan ta gama lazimi ta sha kunu.

Yaya Salmanu ɗan fari ne. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa jin ta tambayi lafiyarsa ba. A gaban mutane ko inda yake ba ta kallo. Ranar da ya karye a babur, kowa ya tafi asibiti, ita tana tsakar gida tana tankaɗe, garin yana zuba a ƙasa ba a ƙwarya ba. Idan ya zo Dubai cewa take, "Baƙon naki ya sauka?" iyakarta ke nan. Ni ke tsokanarta, in ce ɗan lelenki yana nan ƙalau, ya ci kaza biyu. Ta ce, "Ke dai ba ki da ta-ido." Amma ba ta taɓa katse ni ba, sai na gama ba ta labarin tas.

Yau ta tambayi aiki, ta tambayi sanyi, ta ce in dinga shafa mai a ƙafa. Sai ta yi shiru, shirun da ni nake cikewa. Ban cike ba. Na ce ina da masu sayen magani a gabana.

Na ji sauƙi da ba za ta iya tambaya ba. Allah ya yafe mini, wallahi sauƙi na ji.

Laraba, 17 ga Janairu, 7:00 na safe

Ruwan ya kwanta luf. Sun sauke jar tutar bakin tekun, yau kore ce.

Laraba, 5:00 na yamma

Akwai wani tsohon masunci da ke zama kusa da inda nake zama. Gemunsa ja da lalle. Da 'yar Larabcina da ɗan Turancinsa muke fahimtar juna. Ya ce yawanci ruwa yana dawo da mutum a kwana uku, wani lokaci bakwai. Na ce idan ya wuce bakwai fa? Ya nuna kudu da haɓa, ya ci gaba da ɗinkinsa. Ya ba ni dabino, na riƙe a hannu har ya yi laushi.

A nan alƙibla tana wajen duwatsu. Duk sallar da zan yi sai na juya wa ruwan baya, kuma ba na son haka.

Alhamis, 18 ga Janairu, 2:00 na rana

Jirgin masu nema ya fita, ya dawo.

Juma'a, 19 ga Janairu, 4:40 na yamma

Labaran ya zo bayan masallaci. Shi ke ɗora wa Yaya kaya a jirgin kago tun zuwansa na farko, abokai ne. Ya kawo mini tuwon shinkafa da miyar kuka daga wajen matan da ke girki a Al Sabkha, da jakar kayana da abokiyar zamana ta haɗo. Ya zauna nesa da ni a kan dakali, yana ta juya makullin mota.

Ya ce, "Hajiya, khalas, ya isa, ki dawo Deira. Zaman me kike a nan? In an gan shi ai za su kira."

Na ce ina nan.

Ya ce kayan Yaya sun tashi tun Talata, za su sauka Kano jibi. "Wallahi sai da na ɗora na tuna. Kwali goma sha ɗaya, da sunansa a jiki, da rubutun hannunsa." Sai ya rufe fuska da hula. Ƙato kamar Labaran. Ni ce na koma ba shi haƙuri, abin har ya so ya ba ni haushi.

Da zai tafi ya ce, "Amma ba wanda ya gaya masa? Ba alama a wurin?" Na ce tuwon ya huce, bari in kai ciki.

Asabar, 20 ga Janairu, 8:30 na safe

Yau jirginsa zai tashi. Fasfonsa yana cikin jakata, tare da tikitin.

Kwana bakwai.

Lahadi, 21 ga Janairu, 1:10 na rana

Umma ta san ranar dawowarsa. Ba wanda yake gaya mata, amma kullum ta sani, don ranar take sa a yi dambun da ita ba ta ci.

Ta ce, "Jiragen kuwa suna tashi lafiya a wajenku? Na ji an ce ana iska."

Na ce suna tashi.

Ta ce, "To."

Sai na ji bakina yana cewa ai masu saro kaya da yawa sun ɗaga tafiya, kago ya yi cunkoso. Ta ce, "Allah ya sa haka ne ya fi alheri." Ta tambaye ni ko ina cin abinci, wai muryata ta shige. Na ce mura ce.

Ban taɓa yi mata ƙarya mai tsawon haka ba.

Litinin, 22 ga Janairu, 10:00 na safe

Shugabar kantinmu ta ƙara mini mako ɗaya. Ta ce daga nan kuma ba ta san abin da za ta ce da na sama ba. Ko a jikina.

Akwai allo a wurin. Babba ne, da Larabci da Turanci, har da zane. Kullum ta gabansa nake wucewa.

Talata, 23 ga Janairu, 3:50 na yamma

Sun kira da safe, wai an tsinci wani a can gaba da garin. Sun kai ni asibiti a motarsu. Duk hanya ina roƙon Allah ya sa shi ne, sai in kama kaina in ce astagfirullah, Allah ya sa ba shi ba ne. Har muka isa ban tsayar da addu'a ɗaya ba.

Ba shi ba ne. Wani ne, gajere, da zobe a hannu. Shi ma wata tana can tana jira, ko ba ta ma san ya kamata ta jira ba.

Na kira Kawu na gaya masa. Ya ce, "Kin gani ko? Da mun yi gaggawa fa?" Ban gane abin da na gani ba, amma na ce haka ne.

Laraba, 24 ga Janairu, 6:30 na safe

Rana daga cikin ruwan take fitowa. Kyau kamar me. Na tsani garin nan.

Alhamis, 25 ga Janairu, 12:00 na rana

Ummulkhair ta kira tana magana ƙasa-ƙasa don kada yara su ji. Ta ce ita ba ta san matsayinta ba. Ta tambayi Kawu ko ta shiga takaba, ya ce takabar wa? Gobe Juma'a, kuma duk Juma'a take kai yara gaida Umma. Makon jiya ta je, ta yi kwalliya, ta zauna ta ci ƙosai, ta yi dariya. Ta ce, "Anti Najiba, tana kallona ina kallon tabarma. Har na fito ba ta ce komai ba, sai da na kai soro ta ce in gaida gida."

Sai ta ce, "Ya sha wuya?"

Na ce ban sani ba. Gaskiya na faɗa. Daga inda nake tsaye kansa kawai nake gani, da hannu ɗaya, kuma na ɗauka ɗago mini yake. Har na ɗaga masa nawa.

Juma'a, 26 ga Janairu, 5:15 na yamma

Sun dakatar da nema. Jami'in ya zo da kansa har masauki, ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa mini. Ya ce masunta za su ci gaba da sa ido, kuma akwai takardun da zan sa wa hannu. Na sa.

Na kira Kawu na ce lokaci ya yi, ya je wajen Umma.

Ya ce, "Mu ƙara mako ɗaya. An sha ganin wanda jirgi ya tsinta ya kai wata ƙasa."

Na ce, "Kawu, mako biyu a cikin teku? A watan sanyi?"

Ya ce, "Ke kika fi Allah sani?"

Na ce ban fi ba, amma tsoro yake ji, ba ya son ya zama shi ne zai shiga ɗakin yayarsa da wannan magana. Ban san lokacin da ta fito ba. Ya ce, "Lallai zaman Dubai ya karɓe ki." Ya kashe.

Gaskiya na faɗa masa. Sai dai ni ma tsoron nake ji, kuma na fi shi dalili.

Asabar, 27 ga Janairu, 9:00 na safe

Iska ta dawo, jar tutar ta dawo.

Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa.

Ya ga tutar ya ce ta ado ce, irin ta masarautar garin. Har ya tsaya a gindinta na ɗauke shi hoto, yana gyara hula. Ni na karanta allon. Na san abin da yake nufi, shekarata uku a ƙasar nan. Da ya fara naɗe wando na ce, "Yaya, kamar fa an hana shiga yau." Kamar! Da wata 'yar murya, ina kallon ƙasa, yadda aka koya mini in yi wa na gaba da ni magana. Ya yi dariya ya ce, "Ni da na ƙetare Challawa da damina kina cikin zani? Riƙe mini nan." Ya miƙo hula da agogo, na sa hannu biyu na karɓa.

Shekara goma sha biyu ya ba ni. Shi ya kai ni makaranta, shi ya sa hannu na zo nan lokacin da dangi suka ce mace ba ta tafiya ita kaɗai. Ban taɓa maimaita masa magana ba a rayuwata. Sau ɗaya na faɗa, na ga ladabi ya cika, na yi shiru.

Asabar, 4:20 na yamma

Masu yawon ƙarshen mako sun cika wurin, da tabarmi da tukwanen shinkafa da waƙoƙinsu. Ina zaune sai na hango wani mutum, ba ɗan ƙasar ba, ya cire riga ya nufi ruwan yana dariya, matarsa tana ɗaukarsa a waya.

Ban san na tashi ba. Na ganni a gabansa, ruwa har gwiwata, ina ihu da Hausa, da Turanci, da abin da ya zo bakina. Na riƙe masa hannu da hannu biyu ina ja, namijin da ban sani ba. Ya ce, "Okay sister, okay," yana ja da baya, matarsa ta janye shi. Kowa ya zuba mini ido, sun ɗauka taɓi ne da ni. Mayafina ya tafi, tsohon nan mai jan gemu ne ya tsamo mini shi da sanda.

Ashe ina da murya. Tana nan tun ranar, ba inda ta je. Na dawo ɗaki na yi kukan da ban yi ba mako biyu, har maƙogwarona ya dishe.

Lahadi, 28 ga Janairu, 1:05 na rana

Ta kira. Ban ɗauka ba.

Litinin, 29 ga Janairu, 1:05 na rana

Ta kira sau biyu. Umma ba ta taɓa kira sau biyu ba.

Talata, 30 ga Janairu, 7:30 na safe

Na tura wa Kawu saƙo na ce yau da hantsin Kano zan gaya mata, in yana so ya kasance a gidan. Ya karanta, bai amsa ba. Na roƙi Ummulkhair ta je ta zauna a tsakar gida, ta tabbatar Umma ta sha maganinta, kada ta ce komai.

Na haɗa jakata. Na naɗe hular a cikin mayafi. Gobe zan koma Deira, daga can in nemi jirgi.

Na yi ta gwada yadda zan fara. Duk wadda na gwada sai in ji muryar Kawu ce, mai dogon wa'azi. Ban iya ba.

Talata, 3:00 na yamma

Ni na kira. Ta ɗauka tun bai gama ƙara ɗaya ba.

Na gaishe ta, ta amsa. Na ce, "Umma, ki zauna."

Ta ce, "A zaune nake."

Na ce, "Yaya Salmanu ya shiga teku ranar Asabar, mako biyu da suka wuce. Ruwa ya tafi da shi. An nema ba a gan shi ba, kuma an daina nema. Ina wurin, Umma. Ni na kai shi."

Ta yi innalillahi sau ɗaya, a hankali, yadda take yi in an faɗi rasuwar wani a unguwa. Sai ta ce, "Na sani."

Na ce wa ya gaya mata.

Ta ce, "Wa zai gaya mini? An kawo kwalaye an jibge a soro, mai su bai biyo su ba. Yarinyar nan ta zo tana dariya da jajayen idanu. Ɗalhatu da ke zuwa shan fura kullum ya ɗauke ƙafa. Ke kuma kika daina surutu." Ta numfasa. "Ban san ruwa ba ne. Na yi ta tunanin mota, na yi tunanin kurkuku. Kullum in kira ki in yi shiru in ba ki hanya. Ni ba ni da bakin tambaya, kin sani. Na ɗauka ke za ki tausaya mini."

Kwana goma sha bakwai ina fakewa a bayan kunyarta, ina cewa kare ta nake.

Ta ce, "Ya yi la'asar?"

Na ce ya yi, a masallacin garin, a cikin jam'i, na ga fitowarsa da ruwan alwala a gemu.

Ta ce, "Alhamdulillahi. Ki taho gida haka nan. Ki ci abinci kafin ki hau hanya." Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ta ce sai anjima.

Umma ba ta iya kashe waya ba, kullum ni ke kashewa. Na ji ta ajiye ta a kan tabarma. Na ji ta tashi ta tura ƙofa ta sa sakata. Ta ɗauka ita kaɗai ce.

Abin da ta faɗa a cikin kukan ba nawa ba ne, ba zan rubuta shi a nan ba. Na zauna a ƙasa, na jingina da gado, wayar tana kunnena. Ban kashe ba sai da ta yi shiru.